Daga Ina Ƙasar Sin Take Sayo Robar da Ake Yin Tayoyinmu?

Tambaya: Wani Alhaji mai sayar da tayoyin manyan motoci a cikin birnin Katsina ya aiko yana cewa kusan duk tayar da ke shagonsa daga ƙasar Sin ta fito, kuma duk sa'ad da dillalansa na Legas suka ƙara kuɗi sai su ce masa roba ce ta yi tsada a duniya. Yana son ya san daga ina Sin take samo robar, ko masu sayar mata sun sauya a shekarun nan, ko akwai robar Najeriya a ciki, sannan ko maganar dillalan tana da tushe.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Sin ba ta noma ko kashi ɗaya cikin biyar na robar itace da masana'antunta ke ci, sauran duk sayowa take yi daga waje. Tailan ce babbar mai sayar mata tun da daɗewa, har yanzu kuma ba a ture ta ba, amma a bayan Tailan jerin ya sauya ƙwarai a cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan: Indonesiya ta ja baya, Biyetnam ta hau, Laos da Miyanma sun shigo, sannan Kwaddibuwa da ke nan Afirka ta Yamma ta kutso cikin manya. Robar Najeriya kuwa, idan ma akwai ta a cikin tayar da ke shagonka, ba ta taka kara ta karya ba.

Robar da muke magana a kanta ita ce wadda ake tatsa daga itace, domin akwai wata da ake haɗawa daga man fetur, kuma kowace taya gaurayen biyun ce tare da waya da zare da baƙin gari. Asalin itacen daga dajin Amazon na Birazil yake. A shekarar 1876 wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Wickham ya kwashi iri wajen 70,000 ya kai lambun Kew da ke Landan, daga nan aka rarraba dashen zuwa Sirilanka da Singafo da Malesiya. Itacen ya fi samun lafiya a Asiya fiye da mahaifarsa, saboda akwai wata cutar ganye a Kudancin Amurka da ke hana a yi masa babbar gona, ita ce ma ta karya gonar da Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford, ya buɗe a Birazil a 1928. Shi ya sa har yau mafi yawan robar duniya, wadda jimillarta ta kai wajen tan miliyan 14 a shekara, daga Kudu maso Gabashin Asiya take fitowa, kuma wajen kashi 70 cikin 100 nata a taya take ƙarewa. Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne, tayar ƙaramar mota robar itace ba ta wuce wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta ba, amma tayar tirela takan kai kashi ɗaya cikin uku, domin robar itace ta fi jure zafi da nauyi, kuma ba ta saurin yagewa. Motar da ta ɗauko shanu daga kasuwar Mai'aduwa za ta Legas, tana tafiya kan kwalta da tsakar rana a watan Afrilu, ba za ta kai ko'ina da tayar da aka cika ta da robar fetur ba.

Yana da kyau ka san siffar kayan kafin su kai masana'anta, domin a nan sirrin lissafin ƙasashe yake. Mai tatsa yakan fita tun kafin asuba, lokacin da sanyi ke sa ruwan itacen ya fi zuba, ya sa wuƙa ta musamman ya fere ɓawo siriri a karkace, yana kiyaye kada ya taɓa naman itacen. Farin ruwa mai kama da madara sai ya biyo tsagar ya ɗiga cikin ɗan kofi da aka ɗaure a gindi. Idan an kwashe shi yana ruwa aka zuba masa sinadarin da ke hana shi daskarewa, shi ake tacewa a yi safar hannu ta asibiti da balan-balan. Idan kuma an bar shi ya daskare a kofin, sai ya zama dunƙule mai wari, wanda ake kaiwa masana'anta a yayyanka, a wanke, a busar, a matse shi ya zama bulo mai nauyin kilo 35, a naɗe da leda. Bulo 36 ake jerawa a kan katako ɗaya, katako 16 kuma ke cika kwantena, wato tan 20 da 'yan kai. Wannan bulon shi ne abincin masana'antar taya, ana kiran ajinsa TSR20, na Tailan STR20, na Indonesiya SIR20. To, gonar da aka tatsi dunƙulen da masana'antar da ta matse shi ba dole ba ne su kasance a ƙasa ɗaya, kuma takardar kwastam sunan ƙasar da aka matse kayan aka loda take ɗauka.

Sin ta zama ƙasar da ta fi kowa cin robar itace a farkon shekarun 2000, daidai lokacin da ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a watan Disamba na 2001. A lokacin abin da take shigowa da shi wajen tan miliyan 1 ne a shekara. Yanzu ya haura tan miliyan 5, kuma ita kaɗai tana cinye wajen kashi 40 cikin 100 na robar duniya. Tana da nata gonakin a lardin Yunnan da tsibirin Hainan, waɗanda ke ba ta tan 800,000 da wani abu, amma ƙasar da ta dace da itacen ta ƙare mata, sanyin hunturu kuma yana tsayar da tatsa na watanni. Mafi yawan kayan da ake shigowa da su a tashar jiragen ruwa ta Qingdao ake sauke su, saboda lardin Shandong ne matattarar masana'antun taya, kuma da yawa daga cikin sunayen da kake gani a jikin tayoyin shagonka daga can suke.

Tailan tana noma kusan kashi ɗaya cikin uku na robar duniya, fiye da tan miliyan 4.5, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na abin da Sin ke shigowa da shi nata ne. Sai dai wani abu ya faru da ya rage yawan ɗanyen kayan da take iya fitarwa. Amurka ta ɗora wa tayoyin Sin haraji mai nauyi a 2009, ta sake ɗora wani a 2015, sai manyan kamfanonin Sin suka tsallaka suka kafa masana'antu a maƙwabta: Linglong da Zhongce a Tailan, Sailun a Biyetnam, daga baya wasu suka nufi Kambodiya. Ke nan wani kaso na robar da a da za a loda zuwa Qingdao yanzu a gida ake mayar da ita taya. Idan ka ga taya mai sunan kamfanin Sin amma an rubuta a Tailan aka yi ta, ba lalle jabu ba ce, wannan ƙaurar ce ta haifar da ita.

Inda lissafin ya fi rikitar da mutane shi ne maganar kuɗin fito, kuma a ganina duk wanda bai fahimce ta ba zai karanta alƙaluman Sin a baibai. Domin kare manomanta na Yunnan da Hainan, Sin tana karɓar kashi 20 cikin 100 ko yuwan 1,500, wato kuɗin Sin, a kan kowane tan na zallar robar itace, duk wanda ya fi sauƙi a cikin biyun. Amma yarjejeniyar ciniki da ke tsakaninta da ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya ta yafe fito a kan robar da aka gauraya da wani abu. Da 'yan kasuwa suka ga wannan ƙofa, sai suka riƙa barbaɗa ɗan sinadari a cikin zallar roba suna shigar da ita da sunan haɗaɗɗiya. Hukumomin Sin suka fito da sabon ma'auni a tsakanin 2015 da 2016, suka ce haɗaɗɗiya ba za ta ƙunshi ɗanyen roba fiye da kashi 88 cikin 100 ba, abin da ya sa ta daina yi wa masu taya amfani. Ba a daɗe ba aka koma wata lambar kwastam ɗin, ta gaurayen robar itace da ta fetur, inda ake sa ɗan ƙanƙanin robar fetur a cikin bulon, fito ya sake faɗuwa. Yau kaso mai yawa na robar da ke shiga Sin da wannan suna take shiga. Wanda ya duba layin "robar itace" kaɗai a littafin kwastam zai zaci cinikin ya tsaya cik, alhali kuwa ya koma wani layi ne.

Wannan ƙofa ce ta ɗaga Biyetnam, ta kuma riƙe Malesiya a cikin jerin. Biyetnam tana noma wajen tan miliyan 1.3, amma abin da take fitarwa ya fi haka nesa, domin tana sayo ɗanyen kaya daga Kambodiya da Laos ta sarrafa, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na abin da take fitarwa Sin yake tafiya. Da haka ta zama ta biyu a masu sayar wa Sin, da fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Labarin Malesiya ya fi ban mamaki. Ita ce ta ja ragamar noman roba a duniya har zuwa ƙarshen shekarun 1980, daga nan ta mayar da gonakinta na kwakwar manja, yanzu abin da take nomawa bai kai tan 400,000 ba. Duk da haka masana'antunta na nan, don haka take sayo ruwan roba daga Tailan saboda safar hannu, ta sayo dunƙule daga Kwaddibuwa da wasu ƙasashe ta matse ta tura Sin. Mutumin Katsina ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san shinkafar wajen da ta daɗe tana biyowa ta Maraɗi ba a Nijar aka noma ta ba. Saboda haka wani kaso na abin da Sin ke rubutawa "daga Malesiya" a gonar Afirka aka tatse shi.

Laos da Miyanma kuwa ta ƙasa suke shigar da nasu. Tun shekarun 2000 Sin ta ƙarfafa wa kamfanonin Yunnan su dasa roba a arewacin ƙasashen biyu a madadin tsiron da ake yin ƙwaya da shi, tana ba su sassaucin fito, sannan layin dogon da ya haɗa Sin da Laos, wanda aka buɗe a Disamban 2021, ya sauƙaƙa jigila.

Ja da bayan Indonesiya yana da alaƙa da halin itacen kansa. Roba ba ta ba da ruwa sai ta shekara shida ko bakwai da dasawa, daga nan ta yi ta bayarwa shekara ashirin da biyar ko fiye. Lokacin da bukatar Sin ta sa farashi ya yi tashin gwauron zabo, har kilo ɗaya ya haura dala 6 a watan Fabrairu na 2011, kowa ya ruga dashe, daga arewa maso gabashin Tailan har Afirka ta Yamma. Itatuwan nan duk suka isa tatsa a lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗo ƙasa da dala 1.5 a farkon 2016, ya kuma daɗe a kwance. Ƙananan manoman Sumatra da Kalimantan, waɗanda su ne ƙashin bayan noman a Indonesiya, suka ga kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, ga itatuwa sun tsufa babu kuɗin sabuntawa, ga wata cutar zubar ganye da ta bazu daga wajen 2017. Da yawa suka sare suka dasa kwakwar manja. Noman ƙasar ya sauka daga wajen tan miliyan 3.6 a 2017 zuwa ƙasa da miliyan 3, masana'antu da dama suka rufe saboda rashin ɗanyen kaya, abin da ya rage kuma tsofaffin abokan cinikinta na Amurka da Japan ne ke kwashe mafi yawansa. Kasonta a kasuwar Sin ya zama ɗan kaɗan.

Giɓin da ta bari shi Kwaddibuwa ta shiga, kuma a nan nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin ƙasa ce irin tamu. A tsakiyar shekarun 2000 abin da take nomawa bai kai tan 200,000 ba, amma a 2023 ya haura tan miliyan 1.5, ta wuce Biyetnam ta zama ta uku a duniya. Ba manyan gonakin kamfani ne suka yi wannan aiki ba, ƙananan manoma ne, da yawansu manoman koko, waɗanda suka lura cewa roba tana kawo kuɗi kusan kowane wata, koko kuwa sai kaka. An samar musu da dashe mai aure na iri mai yawan ruwa, an sa malaman gona suna zagaya su, ƙungiyar masu harkar, APROMAC, tana sanar da farashi kowane wata bisa kasuwar duniya, kamfanoni irin su SAPH da SOGB suna saye suna sarrafawa, ana lodi a Abijan da San Pedro. Itatuwansu matasa ne, ladan mai tatsa bai kai na Tailan ba, don haka ko da farashi ya faɗi suna iya jurewa. A da Turai ce kasuwarsu, yanzu Sin da Malesiya da Indiya duk suna layi, kuma Kwaddibuwa ta shiga sahun ƙasashe huɗu ko biyar da suka fi sayar wa Sin kai tsaye duk da cewa kayanta sun daɗe suna biyan fiton da na Biyetnam ba sa biya.

Abubuwa biyu na siyasar ciniki za su iya sake karkata hanyar. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 da ta hana shigar da roba da koko da wasu kayan gona idan an noma su a filin da aka sare daji bayan ƙarshen 2020, kuma tana neman a nuna taswirar kowace gona. An ɗage fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya, amma tuni ta raba kasuwa gida biyu: roba mai takarda tana nufar Turai da ɗan ƙarin farashi, marar takarda kuma tana gangarawa Sin. A ɗaya ɓangaren, daga 1 ga Disamba 2024 Sin ta yafe fito gaba ɗaya a kan kayan ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba da ke da hulɗa da ita, ciki har da 33 na Afirka, irin su Laberiya, inda kamfanin taya na Firestone ke da gonar roba tun 1926. A watan Yuni na 2025 kuma ta sanar a birnin Changsha cewa za ta faɗaɗa yafewar ga ƙasashen Afirka 53. Idan robar Afirka ta shiga Sin babu fito, dalilin zagayawa da ita ta Malesiya zai ragu, kuma ina sa ran sunayen ƙasashen Afirka za su ƙara fitowa fili a lissafin.

Game da Najeriya, abin yana yi mini ciwo. A shekarun 1960 muna cikin na gaba a Afirka, kuma muna da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin tun 1961, ita ce ma ke da reshe a Gashuwa mai kula da ƙaro. Ana noman roba a Edo da Delta da Ondo da Ogun da Kuros Riba da Akwa Ibom, amma jimillar ba ta wuce wajen tan 150,000 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da Kwaddibuwa ke samu. Itatuwa sun tsufa, masu tatsa sun watse tun zamanin da man fetur ya ɗauke hankalin ƙasa, ɗan abin da ake matsewa kuma akasari Turai yake tafiya. Michelin ta rufe masana'antar tayarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta tsayar da tata ta Ikeja a 2008, saboda rashin wutar lantarki da kuma rage fito a kan tayoyin waje, tun daga nan muke fitar da bulo muna shigo da taya. Idan kuwa kana tunanin ko za a dasa itacen a nan, ba zai yi ba, domin yana son ruwan sama wajen milimita 2,000 a shekara ba tare da dogon rani ba, Katsina da Daura kuwa ko rabin wannan ba sa samu. A zamanin Turawa an taɓa fitar da danƙon gamji daga ƙasar Hausa da sunan jar robar Kano, amma ingancinsa bai kai na yin taya ba.

Saura maganar dillalanka. Gaskiya ne roba ta yi tsada a 2024: ruwa mai yawa da ambaliya sun hana tatsa a Tailan, guguwar Yagi ta afka wa Hainan a watan Satumba, farashin bulo ya tashi daga wajen dala 1.4 a 2023 ya kai dala 2 a kilo. Amma mu yi lissafi. Tayar tirela mai nauyin kilo 60 tana ɗauke da robar itace wajen kilo 20, don haka ƙarin santi 60 a kilo bai wuce dala 12 a kan taya ɗaya ba, wato naira 18,000 idan dala tana 1,500. Yanzu ka ƙaddara tayar ta fito daga masana'anta a dala 150. Kafin a saki naira a watan Yuni na 2023, dala tana wajen 460 a banki, 750 a kasuwar bayan fage, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500. Ko ga wanda yake sayen dala a wurin 'yan canji, tayar nan ta tashi daga naira 112,500 zuwa 225,000 ba tare da masana'anta ta ƙara ko santi ɗaya ba, kafin a zo ga kuɗin jirgi da ya hau bayan rikicin Bahar Maliya, da fiton kwastam wanda shi ma da canjin dala ake lissafa shi, da dizal ɗin da zai kawo kayan daga Legas zuwa Katsina. Tsadar roba tana ciki, amma ƙaramin kaso ce, kuma takan ɗauki watanni kafin ta iso jikin taya, saboda masana'antu suna da ajiya a sito.

Abin da zai yi maka amfani shi ne ka san lokutan itacen. Daga Fabrairu zuwa Afrilu yana zubar da ganye a Tailan da maƙwabtanta, tatsa ta ragu, farashi yakan ɗan ɗaga, daga Oktoba zuwa Janairu kuma kaya sukan yi yawa idan ruwa bai hana ba. Farashin TSR20 na kasuwar Singafo da ta Shanghai a bayyane yake a intanet kowace rana, yaron shagonka ma zai iya duba maka a waya. Idan dillali ya ce roba ta hau, ka duba nawa ta hau a kilo, ka ninka da 20, ka mayar naira, sannan ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikin tayar, waɗanda biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da aka buga wata takwas da suka wuce ba da robar wannan watan aka yi ta ba, kuma kana da hujjar da za ka tsaya a kai wajen ciniki.